Kajin asali masu tsada: me ake biya, kuma ina ake samun na ainihi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Funtuwa, kusan shekara shida ina kiwon kajin Hausa a bayan gida. Kwanan nan na ga ana ta tallar Brahma da Silkie da wata baƙa ƙirin mai suna Ayam Cemani a Facebook da WhatsApp. Wani ya ce min tsakon Brahma ɗan mako biyu naira dubu goma sha biyar, wani kuma ya ce zai ba ni a dubu huɗu. Me ya kawo wannan tazara? A ina ake samun na gaskiya? Na tara ɗan abin da na tara, ba na son in zuba shi a rijiya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa kiwo albarka. Mai dubu huɗun nan da mai dubu goma sha biyar suna iya zama duk masu gaskiya, suna kuma iya zama duk maƙaryata, don farashi shi kaɗai ba ya nuna maka jinin kaza. Wanda ya sayi irin waɗannan kaji, tsarkin jini yake biya da shekarun da wani ya kwashe yana tace shi. Sunan kuwa kyauta ne, kowa na iya laƙaba wa tsakonsa.

Bari mu fara daidaita magana a kan abin da ake kira kajin asali, don a kasuwarmu an cakuɗa komai. Ƙungiyar Livestock Conservancy ta Amurka, wadda aka kafa a 1977 don ceto irin dabbobin gida da ke neman ɓacewa, ta gindaya sharuɗɗa. Dole irin ya kasance tsoho, wanda ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta san da shi tun kafin tsakiyar ƙarni na 20 (littafinsu na siffofin kaji ya fara fitowa a 1874). Dole zakara ya iya taka kaza da kansa ba da taimakon mutum ba. Kazar ta iya rayuwa a fili tana ƙwai shekara biyar zuwa bakwai. Sannan ta girma a hankali, kada ta isa yanka kafin mako 16. Idan ka auna da wannan, Brahma da Orpington da Sussex da Rhode Island Red sun shiga. Noiler ba ta shiga ba, don haɗi ce da kamfanin Amo Farm na garin Awe a jihar Oyo ya samar. Haka Kuroiler ta Indiya da Sasso ta Faransa. Kaji ne masu amfani ƙwarai, ni ma ina ba manoma shawarar su, amma in ka bar su suka hayayyafa a gidanka, jikokinsu za su riƙa fitowa kowa da kamarsa. Kazar asali kuwa tana haifar irinta sak, kuma wannan shi ne abin sayarwar.

To me ya sa suke tsada? Lissafin abinci ya isa ya ba ka rabin amsar. Kazar gidan gona ta nama, irin su Cobb 500 ko Ross 308, cikin mako shida ta wuce kilo biyu, ta ci abinci kilo huɗu da ɗan wani abu, an yanka, an huta. Brahma ba ta soma ƙwai sai ta yi wata shida zuwa bakwai, wasu har takwas. A nawa kiwon, sagarar Brahma takan ci abin da ya kusa kilo 20 kafin in ga ƙwanta na farko, wato saura kaɗan ta cinye buhu guda na kilo 25 ita kaɗai. Da ta soma kuma, ƙwai wajen 150 za ta ba ka a shekara, alhali kazar ƙwai ta gidan gona tana haura 300 da abinci ƙasa da nata. Ka je ka tambayi kuɗin buhun abinci yau a Funtuwa, ka ninka da yawan iyayen da mai kiwo ke riƙe da su, za ka fahimci cewa ƙwan Brahma ɗaya ya riga ya ci kuɗi tun kafin a sa shi a injin ƙyanƙyasa.

Ɗaya rabin amsar ita ce asarar da ba a gani. A ce mai kiwo ya sa ƙwai talatin. Manyan kaji masu yawan gashi irin Brahma da Orpington da Cochin, gashin gindinsu yakan hana zakara isa inda ya kamata, shi ya sa muke rage shi da almakashi lokacin barbara. Duk da haka, in aka haska ƙwan da tocila a rana ta bakwai, sai a tarar da wasu fayau babu ɗa. Wasu su mutu a cikin ɓawo, musamman in wuta ta ɗauke da dare janareta bai tashi ba. A ce ashirin sun ƙyanƙyashe bayan kwana 21, sha shida sun rayu. Rabi zakaru ne, kuma ba wanda ke buƙatar zakara takwas. A cikin mata takwas ɗin, waɗanda suka cika siffa, launi daidai, ƙafa daidai, girma daidai, ba za su wuce uku ko huɗu ba. Mai kiwo na gaskiya waɗannan kawai zai bari su yi iri, sauran su tafi tukunya. Kuɗin duka talatin ɗin a kan waɗannan 'yan ƙalilan yake hawa. Wanda ba ya tacewa, duk abin da ya fasa ƙwai sayarwa yake, shi ya sa nasa ke da araha.

Sai maganar shigowa da su. Kaji masu rai suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su, in ban da wanda ya sami izini na musamman, kamar manyan kamfanonin da ke kawo kakannin kaji. Ƙwan ƙyanƙyasa an cire shi daga hanin, amma shi ma sai da takardun lafiya da izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS. Ba don mugunta aka yi haka ba. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka, kuma duk wanda yake harkar kaji a lokacin bai manta yadda aka riƙa binne kaji a rami ba. Don haka sabon jini kaɗan-kaɗan yake shigowa, galibi a ƙwai, da kuɗin waje. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, ƙwan da mutum ke saye a Turai ya ninka kuɗi fiye da sau uku ba tare da kazar ta ƙara ko gashi ɗaya ba. Ƙwan da ya sha jirgi da mota kuma, in rabinsa ya ƙyanƙyashe ka gode wa Allah.

Wannan ƙarancin yana haifar da wata matsala da masu talla ba sa faɗa. Yawancin Brahman da ke yawo a garuruwanmu daga 'yan tsirarun iyaye suka fito. Wani ya sayi zakara ɗaya da mata biyu, ya haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa, shekara uku ana abu ɗaya. Sai ka ga jikoki suna ƙanƙancewa, yatsu a karkace, ƙyanƙyasa tana raguwa. Zakaran Brahma da ya cika ya kamata ya kai kilo biyar da rabi, macen ta haura huɗu. Na sha ganin wanda aka ce "tsantsa" ne, ɗan shekara guda, da kyar ya kai kilo uku.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don a nan ake cutar mutane. Gashin ƙafa irin na Brahma hali ne mai rinjaye wajen gado. Idan zakaran Brahma ya taka kazar Hausa ko Noiler, 'ya'yan za su fito da gashi a ƙafa. A mako biyu, a hoton waya, ba ka isa ka bambanta su da na ainihi ba. Ni kaina an yi min. Shekarun baya na aika kuɗi wa wani mai talla a kudu, ya sako min ƙwai 24 a kwali da garin katako, aka ba direba a tasha. Uku sun fashe a hanya. Bakwai suka ƙyanƙyashe, duk da 'yan gashinsu a ƙafa, na yi ta murna ina nuna wa abokai. Da suka kai wata uku sai ga biyu da zanko dogo mai tsini-tsini irin na zakaran gida. Brahma zankonsa gajere ne, a kwance, layi uku kamar an jera ƙwayar wake. Dogon zanko ba ya fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a ɓoye, ma'ana iyayen duka ruwa biyu ne. Na kira mutumin, lambar ba ta sake shiga ba. Cinikin biri a sama na yi, ba wanda zan zarga.

In ka je ganin Brahma, ka duba zankon uban tukuna. Ka kama ƙafarsa: fatar rawaya ce, gashin yana sauka ta gefen waje har kan yatsan waje da na tsakiya. Kansa faffaɗa ne, goshin ya ɗan rufo ido kamar mai ɓacin rai. Ka ɗora shi a sikeli, kada ka yarda da "ai ka ga girmansa", don gashi yana ruɗi. Silkie ta fi sauƙin ganewa. Yatsu biyar gare ta, fata baƙa-baƙa mai shuɗi, kunne shuɗi, gashi kamar auduga. Gashin nan nata hali ne mai ɓuya, in aka haɗa ta da wata kaza 'ya'yan da gashin kaji na yau da kullum za su fito, don haka mai ha'inci bai cika samun yadda yake so da ita ba. 'Yar asalin Sin ce, kuma ba a kiwonta don yawan ƙwai. Amfaninta babba shi ne kwanci: za ta kwanta a kan ƙwan zabo, na agwagwa, na kowa. A garin da wuta ba ta tsayawa, Silkie biyu sun fi ƙaramin inji amana.

Ayam Cemani kuwa labarinta daban. Daga tsibirin Jaba na Indunusiya take, "ayam" kaza ke nan a harshensu. Wani sauyi ne a ƙwayar halitta yake sa baƙin launi ya mamaye gashi, fata, nama, har ƙashi. Wani mai kiwo ɗan Holan, Jan Steverink, ya kai ta Turai a 1998, daga baya ta isa Amurka inda aka taɓa sa wa guda ɗaya dala 2,500. Jininta ja ne kamar na kowace kaza, ƙwanta kuma fari-fari ne mai ɗan ruwan madara. Duk hoton baƙin ƙwai da ka gani ana cewa nata ne, ko fenti ne ko ƙwan wani tsuntsu. Ƙwai wajen 80 take yi a shekara, ta yi kaɗan ta tsaya ta huta, shi ya sa ba ta yaɗuwa da sauri. Baƙin nata ma mai rinjaye ne, don haka ruwa biyu yakan fito baƙi. Ka buɗe bakinta ka duba harshe da ganda, ka ɗaga fiffike ka ga fata, ka duba zanko a hasken rana. In ka ga ja-ja ko ruwan hoda, ka san an gauraya. Ko a cikin tsantsar ma, kaɗan ne ke fitowa baƙi ƙirin ko'ina, su ne masu tsadar. (A Jaba ana nemanta don wasu al'adu na tsafi. Mu ma nan mun san masu zuwa kasuwa neman baƙar kaza ba don miya ba, to su ma suna cikin masu ɗaga farashin.)

Akwai wasu da za ka ji sunansu amma kada ka wahalar da kanka. Dong Tao ta Biyetnam, mai ƙafafu kamar taɓarya, a lardin Hung Yen ake kiwonta, kuma ana rububinta lokacin bikin sabuwar shekararsu. Saboda nauyin ƙafar, uwar takan fasa ƙwanta da kanta. Kazar Bresse ta Faransa, fara mai shuɗin ƙafa, tun 1957 doka ta kare sunanta, wadda aka yi kiwo a yankin Bresse kaɗai ke da ikon amsa shi. Wanda ya ce zai sayar maka da "Bresse" a Kaduna, ko da jinin gaskiya ne, a dokar masu abin ba Bresse ba ce.

Tun da ka ce kuɗin tari ne, dole in gaya maka yadda farashin irin waɗannan kaji yake tafiya, don tsohon labari ne. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani haukan kaji a Ingila da Amurka bayan an kawo manyan kaji daga Shanghai. A Disambar 1852 wani ɗan kasuwar Amurka, George Burnham, ya aika wa Sarauniya Biktoriya kaji tara kyauta, ya tabbatar jaridu sun buga. Nan da nan zakara da kaza da ake sayarwa dala 12 zuwa 15 suka koma dala 100 zuwa 150. Kajin nan su ne kakannin Brahman da ake tallata maka. Kafin shekarun 1850 su ƙare kasuwar ta faɗi, waɗanda suka saya a sama suka kwana ciki. Haka Cemani ta yi a Amurka, da masu kiwo suka yawaita farashin ya zube nesa da dala 2,500 ɗin nan. Dalili a fili yake: kaza tana haihuwa. Duk wanda ka sayar wa zakara da mace, baɗi abokin gasarka ne. Don haka kada ka yi lissafin riba da farashin yau. Ka yi da rabinsa, in har yanzu ya fitar da kai, to bismilla.

Sai zafi, wanda masu talla daga Legas ko Jos ba ruwansu da shi. Kaza ba ta gumi, jikinta yana wajen digiri 41, ta haki da zanko da fatar da ba gashi take fitar da zafi. Brahma ga jiki, ga gashi har ƙafa, ga ƙaramin zanko. An tace ta ne don sanyin arewa maso gabashin Amurka. A watan Afrilu, lokacin da Katsina da Sakkwato ke haura digiri 40, za ka same ta da azahar baki buɗe, fukafukai a sake, ta ƙi abinci. Ƙwai ya ragu, wanda aka yi ma yawanci ba ɗa. Ana iya riƙe ta, ina da su, amma sai da rumfa mai tsawo, rufin da ba kwano tsirara ba, ruwan randa sau uku a rana, da ba da abinci da sassafe da yamma. Da damina kuma gashin ƙafar yana kwasar taɓo ya dunƙule a yatsu, ya zama gidan ƙwari da gyambo, sai ka tanadi busasshen wuri. A Jos da Mambila ba su da wannan wahala, shi ya sa za ka ga kajin can sun fi cika ido. In amfani kake nema ba ado ba, Rhode Island Red ko Fayoumi ta Masar sun fi dacewa da Funtuwa. Fayoumi ƙarama ce, mai zafin nama, tana soma ƙwai tun wata huɗu da rabi zuwa biyar, kuma ta san rana.

Game da inda za ka samu: babu wani babban kamfanin ƙyanƙyasa da ya dogara da waɗannan kaji, don ba su da riba a lissafin dubbai. Harkar a hannun ɗaiɗaikun masu sha'awa take, a bayan gidaje, a Jos, Kaduna, Kano, Abuja, Ibadan da Legas. Kasuwar tsuntsaye takan samu, amma can ne matattarar cuta, kuma ba mai nuna maka iyaye. Hanyar da na yarda da ita ita ce ka taka da ƙafarka zuwa gidan mai kiwon, gani ya kori ji. Ka ga zakaran da matan a keɓe, ba suna yawo tare da wasu kaji ba. Kaza tana iya riƙe maniyyin zakara mako biyu zuwa uku, don haka "jiya na raba su" ba magana ba ce. Ka tambaye shi daga ina ya samo iyayen, yaushe ya sako sabon jini. Ka nemi ya nuna maka ranakun rigakafin cututtukan kaji: Niyukasul, Gumboro, ƙurajen kaji, waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take yin allurarsu. Ka tambayi allurar cutar Marek, wadda a ranar ƙyanƙyasa ake yi. Ƙananan masu kiwo da yawa ba sa yinta saboda kwalbar ta tsaki dubu ce, ga shi Silkie na cikin kajin da cutar ta fi kamawa, sai ta kai wata uku ko huɗu ka ga ƙafa ta shanye. Mai kiwon da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ka yi masa sallama.

Da ni ne kai, ba zan sayi ɗan mako biyu ba, na dubu huɗu ko na dubu goma sha biyar. Zan ƙara kuɗi in sayi 'yan wata uku zuwa huɗu, lokacin da zanko ya fito, an san mace an san namiji, an wuce lokacin yawan mutuwar tsaki. Mata uku ko huɗu daga gida ɗaya, zakara daga wani gidan da ba su haɗa jini ba. Iri ɗaya tak, launi ɗaya, don kowane iri da ka ƙara sai ka ƙara masa akurki. Kada kuɗin kajin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tara, ragowar na abincin wata shida ne da raga da magani. In ka kawo su gida, ka killace su nesa da kajinka na Hausa mako uku zuwa huɗu, takalmin da ka shiga wajensu da shi kada ya shiga ɗayan wurin. Naka na gida sun saba da cututtukan unguwa, suna iya ɗauke da abin da bai dame su ba amma zai kwantar da baƙi cikin kwana uku.

Kajin Hausan naka kuma kada ka sayar da su don ka ba baƙi wuri. Durgu, fingi, shazumama, da manyan kajin Fulani da ake samu a rugage, su ma tsofaffin iri ne, illa dai ba wanda ya zauna ya rubuta musu littafin siffa. Jami'ar aikin gona ta Abekuta da jinin kajin gida ta gina FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a 2018. A wajenka kuma suna da aiki nan kusa: Brahma da nauyinta takan taka ƙwai ta fasa, don haka ƙwanta na farko ka sa wa kazar Hausa mai kwanci, guda bakwai ko takwas kawai saboda girmansu, ka rubuta ranar da fensir a jikin kowane ƙwai.